Shekarar da Na Hana Ilu Ƙafata

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Kun ce boko ne ya kama ni da tsufa, shi ya sa na kori Ilu Wanzam daga zaure, mutumin da ya yi wa kowannenku askin suna. Babbar yayarku har cewa ta yi wai likita ya shanye ni. To ku zauna ku ji yadda aka yi, don ban kori kowa ba, kuma babu wanda ya shanye ni. Ƙafata ta hagu ake magana a kai, ko in ci gaba da takawa da ita ko a yanke ta.

Ilu ba wanzamin haya ba ne. Ubansa ne wanzamin ubana, kakansa na kakana, kuma a gidan da ke da wanzaminsa ba a kiran wani ko da aski ne na gaggawa. Tare muka tashi da shi a Fagge kafin ya koma Kwaciri. Shi ke yi mini aski, shi ke yi mini ƙaho a baya duk shekara in zafi ya kama. Ni kuwa kun san halina, tun ina yaro ba a ba ni abu in bar shi a rufe. Rediyon babana na farko ni na kwance shi don in ga mutumin da ke magana a ciki, na sha dukan da har yau ina tunawa. Da na shiga Kantin Kwari halin ya zama sana'a. Ba na sayen shadda sai na ɗaga ta a rana, na zare zare ɗaya na ƙona na shinshina, na jiƙa gefenta na murza a farin ƙyalle. Saboda haka duk lokacin da Ilu ya cire ƙaho ya zazzage baƙin jini a cikin toka, sai na sunkuya na duba, in tambaye shi me ya sa wannan ya fi na bara duhu.

"Mataccen jini ne, Sabo," in ji shi. "Shi ke kwanciya ya hana mai rai wucewa. Ka ga ciwon da idonka, me kuma kake nema?"

Amsar tana gamsar da ni, don ni mutum ne da ya yarda da idonsa.

A shekarar da nake ba ku labari, ƙafar ta fara yi mini wani abu mai ban mamaki. In ina zaune lafiya lau. In na fito daga gida zan tafi kasuwa da ƙafa kamar yadda na saba, ban yi nisa ba sai sharaɓata ta ɗaure kamar an sa igiya an tamke. In na tsaya kaɗan sai ta saki. In na ci gaba sai ta sake kamawa. Ciwon yana da wuraren tsayawarsa kamar ɗan adaidaita sahu: gaban mai shayi, ƙofar masallacin layinmu, sai rumfar wani mai gyaran agogo. Da yake ina jin kunyar a ce Alhaji Sabo ya gaza, sai na riƙa tsayawa ina doguwar gaisuwa, ina tambayar iyali da gajiya da mutanen ƙauye, ina ɗaukar agogon da ba zan saya ba ina jujjuyawa. Mutane suka fara yabona, wai Alhaji ya ƙara son jama'a. Mai agogo kuwa ya ɗauka ni babban mai saye ne da ke jan rai, ya riƙa ajiye mini sababbi. A gida na lura tafin ƙafar ya fi ɗan'uwansa sanyi, gashin ƙwaurina ya zube, fatar ta yi sheƙi. Tsoro bai zo mini da wuri ba, mamaki ne ya riga shi: wane irin ciwo ne wannan da ya san tafiya ya san hutu?

Maƙwabcin shagona Alhaji Rasaki, Bayaraben Fagge ne da aka haifi ubansa ma a nan, yana da ɗa likita. Yaron ya zo gaishe da ubansa wata ranar Asabar ya tarar ina murza sharaɓa, ya tambaye ni, na ba shi labarin wuraren tsayawata ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya sa na je asibitinsu, ya kwantar da ni, ya danna bayan ƙafata da yatsu yana neman bugun jini, ya daɗe yana nema. Ya auna hawan jini a hannu, ya sake aunawa a idon sawu. Ya tambaye ni ko na taɓa shan sigari, na ce na sha shekaru masu yawa kafin in je Makka in bari.

"Baba," ya ce, "jijiyoyin da ke kai jini ƙafarku sun ƙuntace, kitse ya kwanta a jikinsu. In kuna zaune ɗan abin da ke wucewa ya isa. In kun tashi tafiya naman yana neman ƙari, babu, shi ne yake kuka. In aka bari ya toshe, ƙafar ba za ta tsira ba. Kuma irin jijiyoyin nan ne a zuciya da ƙwaƙwalwa."

"To a ina zan ga kitsen?" na ce.

"A jini. Ku je Sabon Gari a ɗiba, da safe, kada ku ci komai."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ba ta shiga kan uwarku ba. Hajiya Binta ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an ɗebi jinin mutum da yunwa ba, ko ƙaho za a yi sai an dama kunu an ajiye. Na ce likita ya hana abinci. Ta ce ai waina ba abinci ba ce, tuwo yake nufi. Ta jera mini waina tana naso da mai, da shayi mai kaurin madara, ni kuma raina ya biya, na yarda da fatawarta.

Ɗakin gwajin yana saman wani bene a Sabon Gari, kusa da masu sayar da kayan mota. Mai aikin wata mata ce Inyamura, Madam Ngozi, haifaffiyar unguwar, Hausarta ta fi ta wasunku. Ta ɗebi jinin a 'yan kwalabe ta ce in tafi in dawo. Na ce ba inda za ni, ina so in ga abin da za a yi da shi, jinina ne. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ga da gaske nake, ta ba ni kujera a bakin ƙofa. Ta sa kwalbar a wani inji mai juyawa da gudu. Da ta fito da ita ta ɗaga a hasken taga, sai na miƙe tsaye ban sani ba. Jinin ya rabu gida biyu, ja a ƙasa, a sama kuma wani ruwa fari-fari kamar an tsinka nono. Shekara da shekaru ina kallon jini a toka, ban taɓa sanin yana da ruwa a kansa ba.

"Ga kitsen!" na ce. "Wallahi na gan shi!"

"Alhaji, me ka ci da safe?"

"Ban ci abinci ba. 'Yar waina ce."

Ta yi dariya har ta dafa tebur. "Wainar ce kake kallo. Ka gai da Hajiya, ka ce na ga hannunta. Gobe ka dawo kamar mai azumi, ruwa kawai."

Washegari na dawo da cikina fayau, na bar uwarku tana mita. Wannan karon ruwan saman ya fito garau, rawaya mai haske kamar man gyaɗa sabon tatsa. Na yi murna na ce ashe lafiyata ƙalau. Madam ta girgiza kai. Ta ce kitsen da ke lalata jijiya ba ya nuna kansa a ido, ruwan zai iya yin kyau haka alhali yana cike da shi, sai inji ya auna. Da sakamakon ya fito likita ya zauna ya yi mini bayani dalla-dalla, don ya gane ba zan bar shi ba. Akwai kitse mugu mai maƙalewa a jijiya, nawa ya yi yawa. Akwai mai kyau mai kwashe shara, nawa ya yi kaɗan. Akwai kuma wata alama da ke nuna jijiyoyi suna cikin kumburi, ita ma ta ɗaga. Ya duba lafiyar hanta, don ya san inda aka faro. Ya rubuta mini ƙwaya mai suna sitatin, ɗaya kullum, wadda ke sa hanta ta rage ƙera mugun kitse ta kuma janye wanda ke yawo a jini, da wata ƙarama mai hana jini daskarewa. Ya ce in riƙa tafiya har ciwon ya kama, in huta, in ci gaba. In na ji tsamin jiki da ba na saba ba, ko fitsari ya yi duhu, in zo maza. Sannan ya kama gwiwata.

"Baba, daga nan zuwa ƙasa kada ƙarfe ya taɓa ku. Ko farce za a yanke a yi a hankali. Ƙafar da jini bai ishe ta ba, in aka tsaga ta ba ta da abin ɗinkewa."

Abin da ya dame ni da wannan magani shi ne ba ya yin komai da za ka ji. Ba ɗaci, ba zufa, ba gudawa. Mu kuwa mun saba maganin da bai girgiza ka ba bai yi aiki ba. Bayan 'yan watanni na koma wajen Madam, wadda zuwa lokacin ta saba da ni har tana ajiye mini kujerata. Ruwan saman jinin ya fito daidai da na baya, ko ni da nake bambance shuɗi da shuɗi a dila guda ban ga bambanci ba. Amma inji ya ce mugun kitsen ya sauka ƙwarai, alamar kumburin ta ragu, hanta ba ta ji komai ba. Likita ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Ni kuma na fito na nufi gida, ina isa gaban mai shayi sharaɓa ta ɗaure kamar yadda ta saba. Na koma na tambayi likita, ya ce jini ke fara canzawa, ƙafa tana biyo baya a hankali, kuma babban aikin ƙwayar shi ne ta hana abin ƙaruwa. Na kwana biyu ina juya wannan magana. A sana'ata ban taɓa biyan kayan da aka ce mini kyansa yana ciki ba a gani.

Gida kuwa ya ɗauki zafi. Uwarku ta ce jini ya warke a Sabon Gari amma mijinta yana ɗingishi a Fagge, ita wanne za ta kama? Ƙannena suka ce an mai da ni saniyar tatsa. Ba don ƙiyayya suka faɗa ba, tsoro ne, kuma ni ma ina jin sa. Ran nan da hantsi ina zaure sai ga Ilu da zabirarsa a kafaɗa. Hajiya ce ta aika masa ban sani ba. Muka gaisa, ya shimfiɗa buzunsa, ya jero ƙahonni da aska, ya jawo ƙafata ya ɗora a cinyarsa kamar yadda ya yi shekara arba'in yana jawo kaina. Ya shafa sharaɓar ya ce sanyin nan da nake ji mataccen jini ne ya taru, ƙaho biyu a nan, ɗaya a ƙwauri, in kwana in tashi in ga ikon Allah.

Ina faɗa muku gaskiya, raina ya so. Ga abin da zan gani da idona, baƙi, a cikin toka, yau ɗin nan. Ga kuma wancan da ba a gani, sai dai wata mata ta karanto shi daga inji. Amma na tuna ranar waina. Ranar idona ya rantse ya ga ciwo, ashe karin kumallo ne. Washegari ya rantse ya ga lafiya, ashe ciwon na nan. Sau biyu ya yi mini ƙarya a kan jinina. Na janye ƙafar a hankali.

"Ilu, yi mini a baya in likita ya yarda. Nan dai a'a."

"Likita ya yarda?" Ya ajiye askar. "Ɗan Rasaki da aka haifa jiya? Sabo, ƙaho fa sunna ne."

"Ban ƙi ƙaho ba. Wurin na ƙi."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Ni na cire wa 'ya'yanka beli, ni na yi musu kaciya, ko ɗaya ya lalace a hannuna?"

"Ko ɗaya. Hannunka ba shi da laifi, ƙafar ce ba ta da jinin warkewa."

Ya tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe buzu, ya ƙi shan kunun da aka kawo. A bakin ƙofa ya juyo ya ce tunda ubana bai taɓa janye wa ubansa jiki ba, shi ma ba zai zauna a fara da shi ba. Wannan ita ce korar da kuke magana. Na ji zafinta fiye da ciwon ƙafar, kuma na yi kewarsa ƙwarai. Da aka haifi jikana, ɗan Aminu, na aika wa Ilu da goro har sau biyu bai zo ba, dole aka nemo baƙon wanzami ya yi askin suna, mata suna ta ƙus-ƙus a cikin gida. Uwarku ta yi mako ba ta yi mini magana mai daɗi ba. Kaina kuma ya koma hannun masu aski da inji, waɗanda ba su san inda ƙullutun ƙeyata yake ba.

Na ci gaba da haɗiyar ƙwayata da tafiyata. Da damina wani kwalin kaya ya ƙarce ni a ƙwauri, ƙarcewar da a da ko kulawa ba zan yi ba. Sai da ta yi makonni ana wankewa a asibiti kafin ta rufe. Ranar da Hajiya ta ga yadda ɗan ciwon nan ya ƙi warkewa, daga nan ita ke miƙo mini ƙwayar da ruwa ba na tambaya. Sannu a hankali wuraren tsayawa suka fara raguwa. Na wayi gari na wuce mai shayi ban sani ba, har ya yi fushi ya ce na daina gaisuwa. Sai masallaci ya zama na farko, daga baya sai mai agogo kaɗai. Ƙafar ba ta koma ta saurayi ba, har yau tana yi mini magana in na matsa mata. Amma duk komawar da na yi Sabon Gari mugun kitsen yana ƙasa, kuma na daina neman ganinsa a taga.

Bayan sallar layya ta shekarar da ta biyo, ina tafe kasuwa sai na hango wani tsoho a rumfar mai agogo, da zabira a kafaɗa, ya ɗauki agogo yana jujjuyawa. Ilu ne, mutumin da bai taɓa ɗaura agogo ba a rayuwarsa. Na ga yadda ya sauke nauyinsa a ƙafa ɗaya, na ga yadda yake jan gaisuwa da mai rumfar. Babu wanda zai gane wannan tsayuwa a duk Fagge sai ni. Na je na tsaya kusa da shi na ɗauki wani agogon.

"Ta saki?" na ce, ban dube shi ba.

Ya ajiye agogon ya ce, "Saura kaɗan."

Na ja shi bayan rumfar na ce ya ɗaga wando. Ya yi wa kansa abin da ya so yi mini, don ya yi imani da shi har zuciya, ba yaudarata ya zo yi ba ran nan. Wuraren tsagar sun haɗe sun zama gyambo, yatsun ƙafarsa biyu sun yi baƙi. Na tare adaidaita sahu, bai yi gardama ba. A ɗakin gwaji da Madam ta fito da allura sai ya kau da kai ya runtse ido, ta ce ashe gaskiya ne wanzami ba ya son jarfa, har shi ma ya murmusa. Na roƙe ta ta nuna masa kwalbar bayan ta juya. Ya karɓa ya ɗaga a taga ya daɗe yana kallon ruwan rawayan nan a saman jan.

"Sabo, shekara hamsin ina zubar da shi a toka," ya ce. "Ashe yana da sama."

Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, aka sa shi a kan ƙwaya irin tawa, jininsa ma ya gyaru kamar nawa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, gyambon ya riga ya ci. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na yi kuka a barandar asibitin, ban ɓoye ba.

Shi ya sa kuke ganin ba ya zuwa gidan nan, ba gaba ba ce. Ni nake zuwa. Duk Juma'a da safe ina hawa adaidaita zuwa Kwaciri, in sauka tun daga bakin titi in ƙarasa da ƙafa, don likita ya ce tafiyar magani ce. Ina tarar da shi a zaure a kan buzunsa ya wasa aska. Juma'ar farko da na je bayan an sallamo shi, kafin ya jiƙa mini kai sai ya miƙo hannu ya jawo ƙafata ta hagu ya ɗora a cinyarsa. Ya shafa sharaɓar, ya danna bayan ƙafar da yatsu biyu yadda ya ga likita yana yi, yana neman bugun jini.

"Da ka ba ni ita ran nan," ya ce, "da yanzu wa zai zo wurin wani?"

Ya sauke ta a hankali, ya ce in sunkuyo da kai.